Theodor Leber: Likitan da ya bi sawun makantar gado tun kafin a san yadda gado yake tafiya

Duk ɗalibin likitanci da ya karkata zuwa fannin ido, ko a Zariya yake karatu ko a Alƙahira ko a Landan, ba zai kammala ba sai ya ci karo da sunan Leber. Cututtukan ido har guda huɗu ne ke ɗauke da wannan suna a littattafan likitanci, kuma biyu daga cikinsu na gado ne: ɗaya tana hana jariri gani tun daga haihuwa, ɗayar kuma tana jiran saurayi ya kai ƙarfi sannan ta ɗauke masa gani cikin 'yan makonni. Mai sunan, Theodor Leber, Bajamushe ne da ya bayyana waɗannan cututtuka biyu yana da shekara 29 da kuma 31 a duniya, a zamanin da babu likitan da ya san abin da ake kira ƙwayar gado.

An haife shi a birnin Karlsruhe da ke kudu maso yammacin Jamus a ranar 29 ga Fabrairu, 1840, ranar da ba ta zagayowa sai bayan shekara huɗu. Mahaifinsa malami ne mai koyar da harsuna. Da ya isa shiga jami'a, ya nufi Heidelberg da burin karanta ilimin sinadarai, kuma a lokacin babu inda ya fi wannan jami'a dacewa da mai irin wannan buri, domin a can Robert Bunsen yake koyarwa, mutumin da har yau ɗaliban sakandare ke kunna murhun gas mai sunansa a ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai Bunsen ɗin ne da kansa ya karya masa gwiwa. Ya nuna masa cewa masu karatun sinadarai sun yi yawa, guraben aiki kuma kaɗan ne, ya ba shi shawarar ya koma likitanci. Leber ya bi shawarar, amma bai bar halin mai ɗakin gwaji ba har ƙarshen ransa, kuma da wannan hali ya bambanta da yawancin likitocin ido na zamaninsa, waɗanda shahararsu ta ta'allaƙa ga ƙwarewar hannu wajen tiyata.

Ya yi dace da lokaci. A 1851 Hermann von Helmholtz ya wallafa bayanin wani ƙaramin madubi da ya ƙirƙira, wanda ke ba likita damar leƙa cikin idon mutum mai rai ya ga tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, da hanyoyin jininsa, da kan jijiyar da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kafin wannan madubi, idan ido ya makance alhali daga waje lafiyarsa ƙalau, likita ba shi da abin cewa face ya laƙaba wa ciwon suna na gaba ɗaya ya sallami mai shi. Helmholtz ya koma Heidelberg a 1858, kuma Leber yana cikin ɗaliban da suka zauna a gabansa. Binciken farko da ya yi yana ɗalibi ma bai shafi ido ba. Ya duba yadda aikin ƙarfi ke gajiyar da tsokar jiki ne. Ya kammala digirinsa na likita a 1862.

Shekaru takwas da suka biyo baya su ne suka gina shi. A yau jami'o'i da gidauniyoyi a ƙasashe da dama sukan ba ɗalibin likitanci tallafin kuɗi domin ya jingine zagayen asibiti na shekara guda ko fiye, ya shiga ɗakin binciken wani babban malami ya koyi yadda ake tambaya da yadda ake neman amsa. A zamanin Leber hanyar ita ce zama mataimaki, a ci kaɗan a yi aiki da yawa a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi suna. Ya fara da Hermann Knapp a asibitin ido na Heidelberg. Daga nan ya tafi Vienna, babban birnin Ostiriya, wajen Carl Ludwig, wanda yana cikin manyan masanan yadda sassan jiki ke aiki a ƙarni na 19. A ɗakin gwajin Ludwig ya riƙa ɗura ruwa mai launi a cikin hanyoyin jinin ido, yana yanka yana dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, har ya zana taswirar yadda jini ke shiga ido da yadda yake fita. An buga aikin a 1865 yana da shekara 25, kuma zanen da ya yi ya ci gaba da yawo a littattafan koyarwa fiye da ƙarni guda.

Bayan Vienna sai Paris, inda ya zama mataimakin Richard Liebreich. Wannan zama yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin Liebreich ne ya wallafa littafin farko na zane-zanen cikin ido a 1863, kuma tun a 1861 ya lura cewa wani ciwon lalacewar tantanin gani, wanda ke farawa da dundumi sannan ya riƙa cin gani daga gefe-gefe, ya fi yawa a tsakanin 'ya'yan ma'auratan da ke da dangantakar jini. A wajensa Leber ya ga amfanin tambayar mara lafiya labarin iyayensa da kakanninsa, ba duba idonsa kaɗai ba. A 1867 ya koma Berlin ya zama mataimakin Albrecht von Graefe, wanda ake ɗauka a matsayin uban likitancin ido na zamani, kuma marasa lafiya ke yi wa asibitinsa tururuwa daga ko'ina a Turai.

Yana Berlin, a 1869, ya wallafa bayanin cutar farko. Ya duba yara da aka haifa ba sa gani ko kuma suna gani kaɗan ƙwarai. Idanunsu ba sa tsayawa wuri guda, suna ta kaɗawa, kuma ƙwayar idon ba ta tsukewa yadda ya kamata idan an haska ta. Abin da ke ruɗa likitoci shi ne, idan aka leƙa cikin idon jaririn da madubi, sau da yawa ba a ganin wata ɓarna. Sai bayan shekaru alamun lalacewa suke fitowa a tantanin gani. Leber ya tsaya a kan cewa matsalar tana cikin tantanin ganin ne tun daga ciki, cewa 'yar'uwa ce ga ciwon da ke farawa da dundumi, kuma cewa tana maimaituwa a tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, musamman inda uwa da uba dangin juna ne.

Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a kan irin wannan gado, domin mun san shi ta hanyar cutar sikila. Uba yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke da naƙasu ba tare da ta yi masa komai ba, uwa ma haka, sai a kowane ciki ya zama akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu cewa yaron zai haɗa biyun ya fito da cutar. Haka yawancin nau'o'in makantar jarirai ta Leber suke tafiya. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar cutar, amma idan ƙwayar tana ɓoye a cikin zuri'a, yana ƙara yiwuwar ta haɗu da 'yar'uwarta. Cutar ba ta da yawa, ana ƙiyasta yara biyu zuwa uku a cikin kowace haihuwa 100,000, sai dai a gidan da ta faɗa ba safai take tsayawa a kan yaro ɗaya ba.

Von Graefe ya rasu da tarin fuka a ranar 20 ga Yuli, 1870, yana da shekara 42, kwana guda bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Faransa da Jamusawa. A shekarar da ta biyo baya Leber ya shiga sahun editocin mujallar likitancin ido da maigidansa ya kafa a 1854, kuma a cikinta ya wallafa aikin da ya fi dawwamar da sunansa.

Aikin ya ƙunshi marasa lafiya 15 daga zuri'o'i huɗu. Labarinsu kusan iri ɗaya ne. Saurayi ne lafiyayye, yawanci tsakanin balaga da shekara talatin da 'yan kai, sai ya wayi gari tsakiyar ganinsa a ido ɗaya ya yi hazo. Babu ciwo, babu ja, babu hawaye. Cikin makonni ko watanni kaɗan ɗaya idon ma ya bi sahu. Yana iya ganin gefen hanya ya yi tafiyarsa, amma ba ya iya karatu, ba ya iya gane fuskar wanda ke tsaye a gabansa. Da aka duba da madubi bayan wani lokaci, sai a tarar kan jijiyar gani ya koɗe ya yi fari, alamar ta mutu. Von Graefe ya taɓa ba da labarin irin wannan a wani gida tun a 1858, amma Leber ne ya tattara gidajen, ya jera su, ya nuna cewa cuta ce guda mai zaman kanta, cewa maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba, kuma cewa ta wajen mata take ratsa zuri'a.

A nan ne darajar aikin take, kuma a nan ne iyakarsa. Ba shi da yadda zai bayyana dalili. Gregor Mendel, malamin cocin da ya gano ƙa'idojin gado ta hanyar aurar da tsirran wake a lambunsa da ke Brno, ya wallafa sakamakonsa a 1866, amma babu wanda ya kula da shi sai a 1900. Ko da Leber ya karanta Mendel ma, da bai fisshe shi ba, domin wannan cuta ba ta bin ƙa'idojin Mendel. Shekaru da dama bayan haka masana sun riƙa sanya ta a ajin cututtukan da uwa ke ɗauka ta miƙa wa 'ya'yanta maza, irin rashin bambance launi da cutar rashin daskarewar jini. Amma lissafin bai taɓa fita daidai ba. A waɗancan cututtuka, namijin da ya kamu yakan miƙa wa 'ya'yansa mata, su kuma su haifi maza masu ita. A cutar Leber kuwa, namijin da ya makance ba ya miƙa ta ga kowa, ba 'ya'ya ba jikoki. A kansa take yankewa. Ƙanwarsa mai gani garau ita ce za ta wuce da ita gaba.

Sai da aka shekara 117 kafin a warware wannan ƙulli. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu shi ne juya abinci da iskar da muke shaƙa su zama kuzari. Waɗannan sassa suna da nasu DNA na daban, ɗan ƙarami mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37 kacal, kuma daga ƙwan uwa kaɗai ɗan Adam yake samunsa. Na uba ba ya wucewa. A 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka suka nuna cewa sauyin harafi guda, a gurbi na 11778 na wannan DNA, shi ke haddasa cutar a gidaje da yawa. Daga baya aka gano wasu gurabe biyu, na 3460 da na 14484, kuma ukun nan su ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Jijiyar gani tana cikin sassan jiki mafiya buƙatar kuzari, shi ya sa ita ce ke fara gazawa. An kuma fahimci cewa ba duk mai ɗauke da sauyin ne ke makancewa ba: yawancin mata da kuma maza masu yawa sukan rayu da shi ba tare da sun sani ba, kuma shan taba da yawan shan barasa suna ƙara haɗarin ga wanda ya gada.

Ya kamata a faɗa a sarari, tun da a wurare da yawa uwa ake fara ɗora wa laifi idan aka ga naƙasa a 'ya'ya, cewa macen da ta miƙa wannan sauyi ita ma gadonsa ta yi daga mahaifiyarta, kuma babu abin da ta ci ko ta aikata da ya jawo shi. Amfanin sanin hanyar gadon shi ne a san waɗanda ya kamata a duba a kuma gargaɗe su game da taba, wato 'ya'yan 'yan'uwa mata, a kuma kwantar wa namijin da ya kamu hankali cewa 'ya'yansa sun tsira.

A 1871 aka naɗa Leber farfesa a Jami'ar Göttingen, aka ɗaga shi zuwa cikakken farfesa a 1873, kuma ya shafe shekara 19 a can. A wannan zango mai son sinadarai da ke cikinsa ya samu fili. Ya binciki ruwan da ke cika gaban ido, ya nuna ta hanyar gwaji cewa ruwan yana tacewa ya fita ta kusurwar da ke tsakanin fatar gaban ido mai garai-garai da baƙin ido, ya shiga hanyoyin jini. A kan wannan fahimta aka gina bayanin cutar da ake kira hawan jinin ido, wadda ke faruwa galibi idan mafitar ta toshe ruwa ya taru ya danne jijiyar gani. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, wannan cuta ce ta biyu wajen makantar da manya.

A 1879 wani manomi ya zo masa da gyambo a fatar gaban ido, bayan ƙaiƙayin hatsi ya soke shi a wajen aiki. Leber ya ɗebi abin da ke cikin gyambon ya duba, ya tarar fumfuna ce ta tsiro a ciki, kuma wannan shi ne rahoto na farko a tarihin likitanci na irin wannan ciwo. Har gobe manoma a ƙasashe masu zafi suna rasa ido ta wannan hanya a lokacin girbi da sussuka, musamman idan aka tsaya ɗiga magungunan da ba su dace ba. Daga irin wannan gyambo ya wuce zuwa babbar tambaya, wato mene ne kumburi da ruɓa. Fatar gaban ido ba ta da hanyoyin jini, saboda haka ta zame masa tagar kallo. Ya riƙa sanya sinadarai da abin da ya tato daga ƙwayoyin cuta a idon zomaye, yana kallon yadda fararen ƙwayoyin jini ke barin hanyoyinsu su doshi wurin. A 1888 ya bayyana cewa sinadarai ne ke janyo su, kamar yadda zaƙi ke janyo tururuwa, kuma a 1891 ya fitar da babban littafi a kan asalin kumburi. Masana garkuwar jiki, waɗanda ba ruwansu da ido, suna lissafa shi cikin waɗanda suka share musu hanya.

Ya koma Heidelberg a 1890 ya gaji kujerar Otto Becker, ya riƙe asibitin idon jami'ar na tsawon shekara 20. A 1896 ƙungiyar likitocin ido ta Jamus ta ba shi lambar yabo mai sunan von Graefe, wadda kafin shi malaminsa Helmholtz kaɗai aka taɓa ba wa. Abin da aka yi masa yana matashi shi ma ya yi wa na baya, domin ɗakin bincikensa ya zama makarantar matasan likitoci. August Wagenmann, wanda ya gaje shi a 1910, ɗalibinsa ne. Haka ma Eugen von Hippel, wanda a 1904 ya bayyana wasu ƙulle-ƙullen hanyoyin jini a tantanin gani, abin da daga baya aka gane alama ce ta wata cutar gado mai shafar ƙwaƙwalwa da ƙoda, wadda a yau ke ɗauke da sunansa tare da na Arvid Lindau ɗan ƙasar Suwidin.

Ritaya ba ta raba shi da alƙalami ba. Sauran cututtuka biyu masu sunansa, waɗanda ba na gado ba ne, ya bayyana su ne a 1912 da 1916, kuma a 1915 da 1916 aka buga manyan juzu'ai biyu da ya rubuta a kan cututtukan tantanin gani, yana da fiye da shekara 75, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma yana ci. Ya rasu a Heidelberg a watan Afrilun 1917 yana da shekara 77.

Cutar jariran da ya bayyana a 1869 ta zama, a binciken da aka yi bayansa, tarin cututtuka ne masu kama da juna, waɗanda naƙasu a ƙwayoyin gado fiye da 20 ke haddasawa. A 1997 aka danganta ɗaya daga cikinsu, mai suna RPE65, da cutar. Aikinta shi ne taimaka wa ido sabunta sinadarin da ke karɓar haske, wanda ake samu daga bitamin A. An kuma tarar da irin wannan naƙasu a wani jinsin karnuka. Jean Bennett da mijinta Albert Maguire, waɗanda suka haɗu suna ɗaliban likitanci a Jami'ar Harvard, suna cikin ayarin da ya ɗora lafiyayyar ƙwayar gadon a kan wata ƙwayar cuta da aka raba da lahaninta, aka yi allurarta a ƙarƙashin tantanin ganin karnukan. A 2001 aka ba da rahoton cewa karnukan sun fara gani. Gwaji a kan mutane ya biyo baya, kuma a watan Disambar 2017, shekara 100 bayan rasuwar Leber, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin mai suna Luxturna, wanda shi ne na farko da ta amince a sanya kai tsaye a jikin mutum domin gyara cutar gado.

Kamfanin da ya yi shi ya sanya masa farashin dala 850,000 na ido biyu. Yana aiki ne kawai ga masu naƙasu a RPE65, waɗanda 'yan kaɗan ne cikin masu cutar, kuma sai idan akwai sauran ƙwayoyin gani masu rai a idon. Ba a iya sanin ko yaro yana cikinsu sai da gwajin DNA. Ita kuwa cutar samarin da ke bin tsatson uwa, Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna idebenone domin ita a 2015, wanda ke taimaka wa wasu marasa lafiya su dawo da wani ɓangare na ganinsu, kuma ana ci gaba da gwajin allurar ƙwayar gado a kan masu sauyin gurbi na 11778.